Abdullaɗif al-Bagdadi (1162–1231): Malamin da Ya Auna Littafin Jalinusu da Ƙasusuwan Alƙahira

A shekarar 598 ta Hijira, wadda ta faɗa tsakanin 1201 da 1202 ta Miladiyya, wasu ɗaliban likitanci a birnin Alƙahira suka iso littafin tashrihi, wato ilimin ƙirar jikin ɗan Adam, sai karatu ya cije. Malaminsu yana bayani ba sa ganewa, shi kansa kuma yana jin cewa harshensa bai kai su inda yake nufi ba. Ƙashi abu ne mai lanƙwasa da tudu da kwari, kuma siffanta yadda kan wani ƙashi yake zama cikin kwarmin wani, ga mutumin da bai taɓa gani ba, aiki ne da baki ba ya gamawa. Ana cikin haka sai aka ba su labarin wani tudu a Maƙas, a bakin birnin, inda gawarwakin mutanen da yunwa ta kashe suka taru. Malamin ya kwashi ɗalibansa suka nufi wurin.

Malamin nan shi ne Muwaffaƙuddini Abdullaɗif bin Yusuf, wanda aka fi sani da al-Bagdadi, wasu kuma suna kiransa Ibnul Labbad. A tarihin tashrihi ana tunawa da shi saboda abu guda da ya tabbatar a kan wannan tudu, cewa muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi ɗaya ne, alhali an yi kusan shekara dubu ana karantar da cewa biyu ne. Gyaran ƙarami ne idan aka auna shi da girman ƙwarangwal. Abin da ya ba shi nauyi shi ne irin mutumin da ya yi shi. Abdullaɗif masanin nahawu ne da hadisi, an rene shi da hadda, kuma ya shafe rabin rayuwarsa yana zargin likitocin zamaninsa da yin watsi da Jalinusu, babban likitan Girkawan nan da ya zo ya yi wa gyara.

Bagadaza da hadda

An haife shi a Bagadaza a shekarar 557 Hijira (1162), a gidan ilimi. Mahaifinsa, Yusuf, masanin hadisi ne da ƙira'o'in Alƙur'ani, baffansa Sulaimanu kuma malamin fiƙihu ne. Tun yana ƙarami aka riƙa kai shi gaban dattawan malaman hadisi na birnin domin ya saurara, har ya sami isnadi maɗaukaki tun kafin ya san amfaninsa. Ya haddace Alƙur'ani, da Fasihu na Sa'alab, da Muƙamatu na Hariri, da diwanin Mutanabbi. Wanda ya san karatun zaure na ƙasar Hausa, inda har gobe Muƙamatu take cikin littattafan da ake ƙure lugga da su, ba zai ga baƙon abu a wannan jeri ba.

Da ya tasa, mahaifinsa ya kai shi wurin Kamaluddini al-Anbari, babban malamin nahawu na Bagadaza. Yaron bai fahimci komai daga darasin farko ba, sai malamin ya tura shi wurin almajirinsa, Wajihuddini al-Wasiɗi, wani makahon malami mai haƙuri da yara. A hannunsa harshen Abdullaɗif ya buɗe. Ya haddace Luma'u na Ibnu Jinni cikin wata takwas, ya bi da Adabul Katibi na Ibnu Ƙutaiba, ya ci gaba har ya kai ga littafin Sibawaihi. Cikin malamansa har da mace, Shuhda bintul Ibari, wadda ta shahara da hadisi da kyawun rubutu. Duk wannan labari ya iso gare mu ne ta tarihin da ya rubuta na kansa, wanda Ibnu Abi Usaibi'a ya kwafo manyan sassansa cikin littafinsa na tarihin likitoci, Uyunul Anba'i.

Sai wani baƙo daga Magrib, ana ce masa Ibnu Na'ili, ya sauka Bagadaza ya ja hankalin saurayin zuwa falsafa da alkimiyya, sana'ar nan ta masu neman mayar da ƙarfe zinariya. Abdullaɗif ya duƙufa a kan littattafan Ibnu Sina, ya haddace Najatu, ya kwafi Shifa'u da hannunsa. Daga baya ya ɗauki waɗannan shekaru a matsayin asara, kuma bai yafe wa Ibnu Sina ba har ya mutu. A shekarar 585 Hijira (1189), yana da shekara ashirin da bakwai, ya yanke hukuncin cewa babu sauran malamin da zai cika masa ido a Bagadaza, ya ɗaure kayansa. Irin wannan hukunci zai maimaita shi a kan mutane da yawa a garuruwa da yawa, kuma shi ne ya tara masa maƙiya.

Daga Mausil zuwa sansanin Salahuddini

Ya yi shekara guda a Mausil yana karantarwa. Mutum ɗaya ne ya burge shi a can, Kamaluddini bin Yunus, masanin lissafi da fiƙihu, shi ma ya ga alkimiyya ta cinye masa lokaci. Daga nan ya wuce Dimashƙa, ya yi muƙabala da malamanta, sannan ya nufi sansanin Sarki Salahuddini Ayyubi a kusa da Akka, a lokacin da yaƙi da mayaƙan Salibiyya yake kan ganiyarsa. A sansanin ya sadu da alƙalin runduna Baha'uddini bin Shaddad, da magatakarda Imaduddini al-Isfahani, da waziri Alƙali al-Fadil. Wannan na ƙarshe ya same shi tsoho ramamme, yana rubutu da hannunsa yana kuma yi wa marubuta biyu shifta a lokaci guda. Wazirin ya so ya mayar da shi Dimashƙa da albashi, Abdullaɗif ya kafe sai Masar, aka ba shi takarda zuwa ga wakilin waziri a Alƙahira.

Mutum uku ya je nema a Masar. Na farko, Yasin mai sihiri da alkimiyya, ya same shi maƙaryaci. Na biyu shi ne Musa bin Maimun, malamin Yahudawa kuma likitan fada, wanda ya yarda da zurfin iliminsa amma ya ga son shugabanci da hidimar masu mulki sun yi masa yawa. Na uku, Abul Ƙasim ash-Shari'i, shi ne ya juya masa rayuwa. Wannan dattijo mai tsummokara ya zaunar da shi a kan littattafan mutanen farko, da na Farabi, da na masu sharhin Aristo, har Abdullaɗif ya saki Ibnu Sina gaba ɗaya. Darasin da ya ɗauka shi ne a koma ga asali, a bar taƙaitawar na baya. A falsafa asalin shi ne Aristo, a likitanci kuwa Abuƙiraɗ da Jalinusu.

Bayan sulhun 1192 ya je Ƙudus ya gana da Salahuddini. Ya tarar da sarkin ya duƙufa kan gina ganuwar birnin, yana ɗaukar duwatsu a kafaɗarsa, malamai da fadawa suna bin sahunsa. Sarkin ya yanka masa dinari talatin a wata domin ya karantar a masallacin Dimashƙa, 'ya'yansa suka ƙara har ya kai ɗari. Salahuddini ya rasu a 1193, kuma Abdullaɗif, da idon likita, ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan wanda ya yi wa sarkin tsaga ya fitar masa da jini ba tare da ƙwarewa ba. Bayan 'yan shekaru ya bi al-Aziz Usman, ɗan Salahuddini, ya koma Masar. Tsarin yininsa a can sananne ne: da safe yana karantarwa a masallacin Azhar, da tsakar rana ɗaliban likitanci su same shi, da yamma ya koma Azhar, dare kuma nasa ne.

A waɗannan shekaru ya zagaya Masar yana kallo yana aunawa. Ya siffanta kuɓewa da ayaba da gwaza, da kada da dorina, da ɗakunan da Misirawa suke ƙyanƙyasar ƙwai da zafin wuta ba tare da kaza ba. Ya shiga dalar Giza, ya ga ma'aikatan al-Aziz sun yi wata takwas suna ƙoƙarin rushe ƙaramar dala suka gaji suka bari. Abin da ya fi ba shi mamaki a gunkin Abul Hauli shi ne daidaiton gaɓoɓin fuskarsa, yadda hanci da ido da kunne kowanne ya dace da ɗan'uwansa duk da girman dutsen. Ya kuma leƙa tsofaffin maƙabartu ya duba gawarwakin da aka shafe da magani aka naɗe. Idon da zai kai Maƙas a nan ya sami horo.

Shekarun yunwa

A wancan zamani rayuwar Masar a kan ambaliyar Kogin Nilu take. Ana auna ta a ma'aunin da ke tsibirin Rauda, kuma sai ruwa ya kai zira'i 16 ake sa ran noma. A shekarar 596 Hijira (1200) ya tsaya a zira'i 12 da yatsa 21. Gonaki ba su sha ba. Shekarar 597 ta shigo da tsadar da ba a taɓa gani ba, mutanen karkara suka kwararo cikin birane, annoba ta biyo baya. Abdullaɗif ya rubuta abin da ya gani da abin da aka ba shi labari, har da cin mushe da karnuka, da cin naman mutane, da hukuncin ƙonawa da mahukunta suka riƙa yi wa waɗanda aka kama. Ya kawo lissafin ofishin da ke kula da jana'iza, wanda ya rubuta mutum 111,000 cikin wata 22, ya kuma nuna cewa wannan kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda suka mutu a gidaje da gefen hanya ba wanda ya rubuta su. Kamar hakan bai isa ba, a watan Sha'aban na 598, daidai da 20 ga Mayu 1202, girgizar ƙasa ta jijjiga Sham da Masar.

Daga wannan bala'i tudun Maƙas ya samu. Maƙas tsohuwar tashar jiragen ruwa ce ta Alƙahira, a wajajen da babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin take a yau. Ya ƙiyasta gawarwakin da ke wurin da dubu ashirin ko fiye, wasu sun daɗe sun zama ƙashi tsantsa, wasu sababbi. Waɗannan talakawa ne da ba su sami likkafani ba, kuma duk abin da ilimin tashrihi ya ƙaru da shi a wannan rana daga jikinsu ya fito. Abdullaɗif bai fiɗe gawa ba. Rana da iska da namun daji sun riga sun yi wannan aiki, shi dai ya sunkuya ya duba.

Ƙwarangwal kamar yadda aka gada

Domin a gane abin da ya gani, sai an san abin da ya je da shi a kansa. An haifi Jalinusu a Bargama, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 129 Miladiyya. Ya yi wa 'yan wasan takobi magani a garinsu, sannan ya zama likitan sarakunan Rum. Ya rubuta ƙaramin littafi a kan ƙasusuwa domin masu fara karatu, kuma a ƙarni na tara Hunainu bin Ishaƙ da almajiransa suka mayar da ayyukansa zuwa Larabci a Bagadaza. Matsalar ita ce a zamanin Jalinusu ba a fiɗar gawar mutum. Birai da karnuka da aladu da shanu ya fiɗe, ya yi ƙiyasi a kan ɗan Adam. Shi da kansa ya san wannan giɓi. Ya shawarci ɗalibai su je Iskandariyya inda ake koyarwa da ƙwarangwal na mutum, ya kuma ba da labarin yadda ya yi amfani da damar wani kabari da ambaliya ta tone, da gawar wani ɗan fashi da tsuntsaye suka cinye a gefen hanya. Saboda haka fitar da Abdullaɗif ya yi zuwa Maƙas bin shawarar Jalinusu ce, ko da sakamakon ya saɓa masa.

Littattafan likitancin Musulmi, har da Ƙanunu na Ibnu Sina, sun tsaya a kan cewa ƙasusuwan mutum 248 ne. Ɗalibin tashrihi na yau yana haddace 206. Daga cikinsu 80 suna kan ginshiƙin jiki, wato ƙoƙon kai da fuska masu ƙashi 22, da ƙananan ƙasusuwan kunne shida, da ɗan ƙashin da ke ƙarƙashin harshe, da ƙashin baya, da haƙarƙari 24, da ƙashin tsakiyar ƙirji. Sauran 126 na hannuwa ne da ƙafafu da abin da ya riƙe su, tun daga allon kafaɗa da ƙashin damtse har zuwa ƙugu da cinya da ƙoƙon gwiwa da ƙwauri. Tazarar da ke tsakanin lissafin biyu ta fi zuwa daga hanyar ƙirga. Na da sun sa haƙora 32 cikin ƙasusuwa, sun ƙirga ƙashin tsakiyar ƙirji guda bakwai kamar yadda yake a jikin biri, sun kuma ƙirga muƙamuƙin ƙasa biyu, dama da hagu, suna haɗuwa da gaɓa mai ƙarfi a haɓa.

Muƙamuƙi

A kan tudun, Abdullaɗif da ɗalibansa suka ga siffofin ƙasusuwa da gaɓoɓinsu, da yadda suke haɗuwa, da girman kowanne a kan ɗan'uwansa. Ya bayyana cewa sun ƙaru da abin da littafi bai ba su ba, ta fuska uku: wani abu littattafan sun yi shiru a kansa, wani lafazinsu bai isa ya nuna shi ba, wani kuma abin da ido ya gani ya saɓa wa abin da aka rubuta. Misalin da ya zaɓa na wannan kashi na uku shi ne muƙamuƙi.

Yadda ya bi da lamarin shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. Da farko ya warware ijma'in da ake da'awa. An ce kowa ya haɗu a kan cewa ƙashin biyu ne, sai ya nuna cewa wannan kowa ɗin Jalinusu ne shi kaɗai, domin shi ne ya sa hannunsa a fiɗa. Duk wanda ya zauna gaban malaman hadisi zai gane wannan tunani. Labarin da mutum dubu suka ruwaito, idan duk isnadinsu ya koma ga mutum ɗaya, labarin mutum ɗaya ne, yawan masu kwafi ba ya ƙara masa ƙarfi. Sannan ya kafa nasa shaidun. Ya duba muƙamuƙi a kawuna fiye da dubu biyu, ta hanyoyi daban-daban, bai ga ko ɗaya da ya rabu biyu ba. Bai tsaya a kan idonsa shi kaɗai ba, ya sa wasu mutane daban-daban suka duba, wasu a gabansa wasu a bayan idonsa, suka dawo da magana guda. Wannan neman tawaturi ne, an ɗauko shi daga zauren hadisi an kai shi kan ƙashi.

Akwai sauran ƙofa ɗaya da mai kare Jalinusu zai iya bi, ya ce gaɓar tana nan amma ta matse har ido ba ya ganinta. Abdullaɗif ya toshe ta da tsofaffin maƙabartun Busir. Ya lura cewa ɗinkin ƙoƙon kai da sauran gaɓoɓi masu ƙarfi, komai ɓoyuwarsu, idan zamani ya yi tsawo sukan bayyana su saki. Ga ƙasusuwan da suka shekara aru-aru a ƙasa, ga muƙamuƙinsu nan dunƙule, babu tsaga babu ɗinki. Da gaɓa ce da ta saki kamar sauran.

Bai fita daga wurin yana yi wa Jalinusu dariya ba. Ya jaddada cewa mutumin ya kai matuƙa wajen bincike da kiyaye abin da yake ruwaitowa, sai dai shaidar ido ta fi tasa gaskiya, kuma bayan an karɓi abin da ido ya gani ana iya nema wa maganarsa mafita idan akwai. Gani ya kori ji, amma bai kori ladabi ba. Mafitar kuwa tana nan, ilimin yau ya bayyana ta. A jikin kare da saniya da tunkiya da akuya muƙamuƙin ƙasa ɓari biyu ne da ba sa narkewa su zama ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa ɓare dafaffen kan rago ya ga yadda suke rabuwa a haɓa. Jaririn ɗan Adam ma da ɓari biyu ake haifuwarsa, sai a wajajen cikarsa shekara guda suke haɗewa, su bar wani ɗan tudu siriri a tsakiyar haɓa. Jalinusu ya faɗi gaskiya a kan dabbobin da ya dafa ƙasusuwansu, kuskurensa yana wurin ƙiyasi. A jikin baligi muƙamuƙi ƙashi ɗaya ne, shi ne mafi girma da ƙarfi a fuska, yana ɗauke da haƙoran ƙasa 16, kuma in ban da ƙananan ƙasusuwan kunne shi kaɗai ne mai motsi a kai.

Ƙashin da bai yanke hukunci a kansa ba

Masu ba da labarin Abdullaɗif sukan ce ya gyara Jalinusu a wuri biyu, muƙamuƙi da ƙashin da Larabawa ke kira ajuz, wato faffaɗan ƙashin nan mai kusurwa uku da ke ƙasan gadon baya, tsakanin ƙasusuwan ƙugu biyu. Abin da ya rubuta ya fi haka taka-tsantsan. Jalinusu ya ƙirga wannan ƙashi, tare da ɗan ƙashin ƙarshe da malamai suka sani da ajbuz zanabi, guda shida. Abdullaɗif ya ɗauki na farko ya same shi ɗaya, ya juya shi ta ko'ina bai ga rabuwa ba. Da ya tsaya nan da ya yi shelar gyara na biyu. Sai ya ɗauki wani, ya same shi shida kamar yadda Jalinusu ya ce. Ya ci gaba da dubawa, mafi yawa suka goyi bayan Jalinusu, gawa biyu kaɗai suka goyi bayan ganinsa na farko. Ya rubuta duk wannan yadda ya faru, ya kuma bayyana cewa tabbacinsa a nan bai kai tabbacinsa a kan muƙamuƙi ba.

Ruɗanin da ya gamu da shi yana da dalili a jikin ƙashin. Ƙashin baya yana farawa da gaɓoɓi 33: bakwai a wuya, 12 a bayan ƙirji, biyar a tsatso, biyar a ajuz, sai huɗu a ɗan ƙashin ƙarshe a mafi yawan mutane. Biyar ɗin ajuz a rarrabe suke lokacin ƙuruciya, suna fara haɗewa bayan balaga, ba sa gamawa sai mutum ya haura shekara ashirin da wani abu, kuma ko bayan sun haɗe layukan haɗin suna nan a bayyane. Tudun da ya tara yara da samari da tsofaffi dole ya ba da amsa iri-iri. Ga mutumin da aka sani da kaifin harshe da yarda da kansa, wannan sakin layi na shakka ya fi na muƙamuƙi nuna darajarsa a matsayin mai bincike. Ya yi alkawarin, idan ƙaddara ta ba shi dama, zai rubuta maƙala ta musamman da za ta jera abin da ya gani kusa da abin da ke cikin littattafan Jalinusu.

Bayan Masar

Labarin Maƙas yana cikin littafinsa al-Ifada wal I'itibar, wanda ya kammala a Alƙahira a watan Ramadan na shekarar 600 Hijira (1204). Taƙaitawa ce ta wani babban littafi da ya yi a kan Masar, ya tsamo abin da ya gani da idonsa domin a kai wa Halifa an-Nasir a Bagadaza. Kashi na farko babi shida ne a kan ƙasar da tsirranta da dabbobinta da gine-ginenta da abincinta, na biyu babi uku a kan Nilu da shekarun yunwa. Maganar ƙasusuwa tana can kusa da ƙarshe, ba ta wuce shafi biyu ba.

Daga Masar ya koma Ƙudus ya karantar a masallacin Aƙsa, sannan Dimashƙa a 604 Hijira (1207), inda sunansa ya fito a likitanci bayan an daɗe ana saninsa da nahawu. Ya wuce Halab, daga nan ya shiga ƙasar Rum ya zauna shekaru a fadar Ala'uddini Dawud bin Bahram, sarkin Arzinjan, yana rubuta masa littattafai, har Sarkin Saljuƙawa Kaiƙubad ya ƙwace garin. Ya rubuta labarin ɓarnar Mongol kamar yadda ya ji daga bakin waɗanda suka tsero. Ibnu Abi Usaibi'a ya jera masa littattafai fiye da 170, a nahawu da hadisi da fiƙihu da falsafa da likitanci, har da risala a kan ciwon sukari. A cikin Nasihatain, nasiha biyu ga likitoci da masu falsafa, ya caccaki likitocin da suka haddace 'yan babuka daga Ƙanunu suka fito suna wasa da rayukan mutane, ya kira su su koma ga Abuƙiraɗ da Jalinusu. Shawararsa ga ɗalibai ma ta tsohon tsari ce: kada a karanta ilimi ba malami, kada a haɗa littafi biyu a lokaci guda, kuma a haddace littafi har a iya rayuwa ba shi idan ya ɓata.

Ibnu Abi Usaibi'a, wanda mahaifinsa da baffansa suka yi karatu a wurinsa, ya gan shi a Dimashƙa, tsoho siriri matsakaicin tsawo, mai daɗin magana, wanda alƙalaminsa ya fi bakinsa. Ya kuma yarda cewa yana wuce iyaka wajen kushe mutane saboda yadda yake ganin kansa. Ibnul Ƙifɗi, wazirin Halab, bai ga alherinsa ko kaɗan ba, ya rubuta shi a matsayin mai da'awar abin da bai sani ba.

A ƙarshen zamansa a Halab ya yi niyyar aikin Hajji ta hanyar Bagadaza, domin ya miƙa wa Halifa al-Mustansir wasu daga cikin littattafansa. Ya shiga garin haihuwarsa bayan fiye da shekara arba'in rabonsa da shi, ciwo ya kama shi, ya rasu ranar 12 ga Muharram 629 Hijira, a watan Nuwamba na 1231. Aka binne shi a maƙabartar Wardiyya kusa da mahaifinsa.

Gyaran muƙamuƙi bai shiga littattafan da ake karantar da likitoci da su ba. Likita ba ya neman tashrihi a littafin labarin ƙasa, kuma masu kwafin Ƙanunu suka ci gaba da rubuta ƙashi biyu. Sai a 1543, bayan shekara 340, Andreas Vesalius, malamin tashrihi a jami'ar Padua ta Italiya, ya buga babban littafinsa a Basel, ya kai ga wannan matsaya da nasa binciken, ya kuma rage ƙashin tsakiyar ƙirji daga bakwai zuwa sassa uku. Kwafin al-Ifada kuwa Edward Pococke ne ya kai shi Ingila a ƙarni na 17, yana ajiye a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford. An buga shi da fassarar Latin a 1800, Silvestre de Sacy ya fitar da fassarar Faransanci a 1810, kuma daga nan ne masu tarihin likitanci suka fara karanta shafuka biyun nan na tudun Maƙas.